Milimita Ɗaya da Rabi

Ƙofar 'Yandaka, Katsina
7 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Mustapha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zaman teku? An ce kwana arba'in da biyu kuke yi kafin a sauko da ku tudu, kuma waya ba ta shiga sai imel, shi ya sa na rubuto ta nan. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarka, Gwaggo Indo, ƙafar ta yi sauƙi. Jiya na same ta a tsakar gida tana tsince wake, ta ce in gaya maka ka rage aiko mata da magani. Baba yana gaishe ka.

Na gode da ka tuna da ni. Ni da kai ba mu taɓa doguwar hira ba sai gaisuwar Sallah, zumuncin namu ma sai an bi ta kan kakanni ake gane shi. Don haka da Gwaggo ta ce ka ce a ba ni makullin motar tserenka in saita mata ƙafafun baya, kuma in aikin ya yi kyau ni zan riƙe ɓangaren saiti a garejin da za ka buɗe a Abuja, sai da na sa ta maimaita. Wata goma sha ɗaya ke nan da na gama bautar ƙasa. Takarda ashirin da shida na aika neman aiki, wuri biyu ne suka amsa, su ma haƙuri suka ba ni.

Ranar Alhamis na kai motar garejin Malam Gwadabe a hanyar Batagarawa, don nan kaɗai na samu daɓen da ya daidaita. Babu na'ura, da zare da ma'auni na yi awo, sau uku.

Wanda ya sa maka sababbin shokozoba ya sauke motar milimita talatin da biyar, amma bai sake mata saiti ba. In aka sauke mota haka, tayoyin baya sukan jingina ciki ta sama, abin da kanikawa ke cewa kamba. Ta hagu ta jingina digiri uku da ɗigo ɗaya, ta dama biyu da ɗigo shida. Wannan bai dame ni kamar matsala ta biyu ba. Ana so gaban tayoyin baya ya ɗan tsuke, su ɗan kalli juna, don bayan mota ya riƙa bin gabanta. Taka ta dama ta tsuke milimita uku, ta hagu kuwa ta buɗe milimita ɗaya. In ka sha kwanar dama da gudu, nauyi zai koma kan tayar hagu, ita kuma waje take kallo, sai ta ja bayan motar ta fita da shi. A titi ba lalle ka lura ba. A filin tsere za ka ji.

Ina roƙon ka gaya mini nauyinka daidai, da hular kwano da takalmi. Ba a saita motar tsere babu kowa a ciki, zan ɗora buhunan yashi a kujerarka su tsaya a madadinka. Sannan ta yaya za a kai ta Abuja?

Allah ya tsare, ya sauko da kai lafiya.

Ƙaninka,
Umair

*

A teku
20 ga Yuli

Injiniya Umair,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai dai kifi ya ishe ni. Ka gai da Baba, ka gai da Hajiya, ka ce magani sai ta sha.

Wasiƙarka ta yi kwana tara kafin in samu sukunin buɗe ta, da na buɗe kuma na ɗauka jarrabawa aka aiko mini. Ɗigo ɗaya, ɗigo shida! Kai ko gaisuwa sai ka auna ta da zare?

Shekara bakwai ina shiga filin nan, ƙanena. Ba sai ɗan makaranta ya gaya mini abin da zan ji a kwana ba. Na san bayanta na rawa, shi ya sa na ba ka ita. Gyarawa na ce ka yi, ban ce ka koya mini tuƙi ba.

Nauyina kilo casa'in da huɗu da komai da komai. Ko likitan kamfani bai tambaye ni da wannan gadarar ba. In na ji lambar nan a bakin wani a Katsina, na san inda ta fito.

Ranar Asabar 23 ga Agusta ƙungiyarmu ta 'yan tsere za ta shiga fili, kowa da agogonsa, a ga wanda ya fi sauri. Abokin da za mu buɗe garejin tare zai zo kallo, na kuma riga na cika masa baki a kanka. Kada ka kunyata ni. Maganar kai ta Abuja, bari in sauko tukuna.

Yayanka,
Mustapha

*

Ƙofar 'Yandaka, Katsina
4 ga Agusta

Yaya Mustapha,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da duk abokan aiki. Gida lafiya. Gwaggo ta sha maganin kwana huɗu ta ajiye. Ruwan Talata ya ci katangar bayan gidanmu, amma ba wanda ya ji ciwo.

Ka yi haƙuri da abin da na rubuta. Wallahi ban nufi koya maka tuƙi ba, halin taya nake bayani. Na karanta wasiƙar nan sau biyar kafin in aika, ban ga inda za ta yi maka zafi ba, sai da ka nuna mini.

Aiki ya ƙare ranar Asabar. Na ɗora yashi kilo casa'in da huɗu a kujerarka, mai rabin tanki, iskar taya daidai. Na sa sababbin hannuwan riƙe tayoyin baya da ka saya, masu noti da ake tsawaita su ko a gajarta. Yanzu kowace tayar baya ta jingina digiri ɗaya da ɗigo takwas, kowacce kuma ta tsuke milimita ɗaya da rabi. Na tura motar gaba da baya don ƙafafun su zauna, na sake awo, lambobin ba su motsa ba. Malam Gwadabe ya tsaya a kaina yana cewa shekara talatin yana miƙe tayar da ta karkace, bai taɓa ganin wanda ya kwana huɗu yana karkatar da ita da gangan ba. Amma da muka zagaya da ita sai ya ce, "Kai, ta kama ƙasa." Na ɗauki hoton kowane awo da kwanan wata, ga su na haɗo maka.

Ga abin da nake so ka karanta a hankali. Tunda aka sauke ta, tazarar da ta rage wa ƙafar baya kafin ta daki robar tsayawa milimita arba'in da takwas ce kawai. Na gwada, duk kilo ɗari da aka ɗora a baya yana cinye milimita goma sha ɗaya. Sababbin hannuwan kuma na alminiyam ne, sirara, an yi su don fili mai santsi, ba don rami ba. In ƙafar ta daki roba da ƙarfi, su za su ɗauki dukan. Saboda haka ina roƙo a ɗora ta a babbar mota a kai ta. In dole sai an tuƙa, kada a sa mata komai a baya, ko jaka.

Na san na cika magana. Ina tsoro ne kawai.

Ƙaninka,
Umair

*

Abuja
15 ga Agusta

Umair,

Salam. Na sauko shekaranjiya, lafiya lau. A gai da mutan gida.

Madalla da aiki. Na tura wa abokina hotunanka, ya ce yaron nan ya san abin da yake yi. Ka ga ban yi asarar bakina ba.

Mai babbar motar da na sani ya tafi Legas, ba zai dawo kan lokaci ba. Kabiru direban Hajiya zai tuƙo ta ranar Laraba. Mota ce fa, ba ƙwai ba, kuma Kabiru ya girme ka a kan hanyar nan da shekara ashirin. Ka mayar da ita Ƙofar Sauri ranar Talata, ta kwana a gida, ka ba shi makulli. Da na ce ku taho tare, to kujera ɗaya ce a ciki, sai dai ka zauna a kan ƙarfe. Ka yi haƙuri, Oktoba na nan tafe, in mun buɗe gareji za ka gaji da Abuja.

Ka rage tsoro, Injiniya. Da irin zuciyarka ba a shiga kwana.

Mustapha

*

Ƙofar 'Yandaka, Katsina
20 ga Agusta

Yaya Mustapha,

Assalamu alaikum. Ina fata ka huta gajiya. Kowa lafiya, Gwaggo tana ta sa maka albarka.

Kabiru ya tashi da ƙarfe bakwai da minti goma na safe. Na kira ka sau biyu ban same ka ba, na san kana da hidima.

Motar ta taso da nauyi fiye da yadda na so. In hali ya yi, zai yi kyau a sake duba ƙafafun baya kafin Asabar. Lambobin suna cikin wasiƙata ta huɗu ga wata. A duba iskar taya kuma da safe, kafin rana ta yi zafi, sannan a sake ɗaure notocin taya bayan zagaye na farko.

Allah ya ba da sa'a, ya kare.

Ƙaninka,
Umair

*

Abuja
28 ga Agusta

Umair,

Da hannun hagu nake rubutu, don haka ba zan tsawaita ba. Na san labari ya iso muku ta wajen Hajiya. Wuyan hannuna na dama ya karye wuri biyu, an sa ƙarfe. Kada ka sake kira na, ba zan ɗauka ba.

Zagaye na biyu, doguwar kwanar dama. Ban taɓa birki ba, ban ƙara wuta ba. Bayan motar ya wuce ni kamar an fizge shi, na juya sau biyu, na shiga tarin tayoyin gefe da gaban dama. A gaban abokina. A gaban mutum fiye da ɗari da wayoyinsu a sama.

Abin da ka ce zai faru in ba a gyara ba, shi ne ya faru bayan ka gyara. Wani bakanike a nan ya ɗora ta a na'ura, ya ce tayar hagu ta baya a buɗe take milimita huɗu. Huɗu, Umair! Da na ba ka ita ɗaya ce. Ina ɗaya da rabin da ka cika mini kunne da shi? Ko zaren naka ne ya yi laushi da ruwan sama?

Na amince maka saboda Hajiya ta ce kai mai natsuwa ne. Ka gaya mini me ka yi wa motata. Ba lacca nake so ba.

Mustapha

*

Ƙofar 'Yandaka, Katsina
1 ga Satumba

Yaya Mustapha,

Assalamu alaikum. Sannu, sannu. Ya jiki, ya hannun? Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce. Baba ya ce a yi maka sannu, yana ta addu'a. Tun ranar da na ji ban ci abinci na ji daɗinsa ba.

Ka tambaye ni me na yi. Zan faɗa maka duka, har da nawa laifin, don akwai shi.

Ranar Laraba na isa Ƙofar Sauri shida da rabi, na tarar da motar a buɗe. Gwaggo na zaune a kan kujera a ƙofar gida da sandarta, Kabiru da maƙwabcinku suna loda kaya. Ka san an cire kujerun baya, wurin ya zama fili. Buhun gero ɗaya, na kilo ɗari, daga gonarta. Shinkafa buhu biyu, hamsin-hamsin. Wake hamsin. Jarka biyu ta man gyaɗa. Ban da daddawa da kuka da kilishi. Na lissafa a tsaye, kilo ɗari uku ne ko kusa. Wato daga tazarar milimita arba'in da takwas, saura goma sha biyar.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, motar nan ba ta son kaya."

Ta ce, "Yo wace irin mota ce ba ta son kaya? Jirgi ce?"

Na ce, "An sauke ta ne, ƙafafun baya..."

Ta ce, "Kai ɗan nan, tunda nike ban taɓa ganin mota ta tashi daga gidan uwa zuwa gidan ɗa hannu sake ba. Mi matarshi za ta ce? Ta ce uwar miji ta aiko da ƙarfe? Ga wuri nan kamar ɗaki. Ko kai ma akwai abin da kake so a ciki, in ɗibar maka?"

Suka yi dariya. Kabiru ya ce, "Injiniya, na kai buhu shida Kano a motar da ba ta kai wannan ba." Ni kuma na yi shiru. Makullin yana aljihuna a lokacin, Yaya. Da na riƙe shi, da motar ba ta tashi ba. Na ciro na miƙa. Har jarka ɗaya ni na ɗauka na sa, don ta ce in taimaka.

Da na kira ka ba ka ɗauka ba, ba zan ɓoye maka ba, sai na ji sanyi a raina. Na zauna na rubuta "nauyi fiye da yadda na so", don na kasa rubuta sunanta kusa da laifi. Na rubuta "in hali ya yi", alhali abin da ya kamata in rubuta shi ne kada ka shiga fili sai an auna. Na kuma binne maganar a cikin zancen iskar taya. Na san ka saba da tsorona, na san za ka karanta ta kamar sauran. Wannan laifina ne, ba na gudunsa.

Amma saitin ba shi ne ya karya ka ba. Na samu Kabiru ranar Juma'a. Ya ce bayan Zariya ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe, ya ji ƙara a baya ta hagu, daga nan har Abuja sai da ya ɗan karkatar da sitiyari kafin motar ta tafi sak. Ya sauke kayan a gidanka ba ka nan, bai ga abin faɗa ba.

Kada ka yarda da ni, ka sa a duba abu uku. Hannun alminiyam na hagu, za a same shi a lanƙwashe, alhali da gaban dama ka yi karo. Robar tsayawa ta hagu, za a same ta a murƙushe. Gefen ciki na tayar hagu, za a ga ya cinye kamar an goge shi da dutse. Zagaye biyu ba sa cin taya haka, sai tafiya mai nisa.

Ka yafe mini shirun da na yi.

Ƙaninka,
Umair

*

Abuja
14 ga Satumba

Umair,

Salam. Hannu da sauƙi, sun ce sati shida kafin a cire ɗauri.

Na sa an duba. Ba sai na gaya maka abin da aka gani ba.

Na yi kwana goma ina juya wasiƙarka. Na ga ka iya lissafi, har kilon geron mahaifiyata ka auna. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta fito tun da sassafe don ɗanta ya ci abincin gida, kai kana tsaye kana haɗa mata hujja. Ban san haka ake koya muku a jami'a ba.

Ga inda muke. Ƙungiya ba za ta bar ni in sake shiga fili ba sai an ba su dalilin hatsarin a rubuce, da sa hannun wanda ya yi saiti. Takardar kowa zai karanta ta. Kana so in zama mutumin da ya yi dakon gero a motar tsere? Har in mutu da shi za a riƙa kira na. Wannan ma da sauƙi. Magana ba ta zama wuri ɗaya, za ta iso Ƙofar Sauri. Kana so Hajiya ta ji cewa tsarabarta ce ta karya mini hannu? Ka san hawan jininta. Na riga na gaya mata matsalar saiti ce, na kuma ja wa Kabiru kunne.

Na haɗo maka takarda. Layi uku ce: an yi saiti da zare babu na'ura, an samu kuskure a tayar hagu, za a kiyaye gaba. Ka sa hannu ka dawo mini da ita kafin Juma'a. Kowa ya san sabon hannu yana kuskure, nan da wata uku an manta. Na shawo kan abokina, wurinka na nan, sai dai za ka fara a ƙarƙashin wani na shekara ɗaya.

Kai da bakinka ka ce kana da laifi. To ga inda za ka ɗauke shi. In ka ƙi, kada ka ce ban yi maka zumunci ba.

Mustapha

*

Ƙofar 'Yandaka, Katsina
19 ga Satumba

Yaya Mustapha,

Assalamu alaikum. Ina fata hannu na ƙara sauƙi, Allah ya cika maka lafiya. A gai da iyali. Mu nan lafiya. An fara yankan gero a wajen gari.

Takardarka ta iso. Na buga ta a shagon bakin titi, ta kwana huɗu a aljihuna. Ba zan yi maka ƙarya ba, ranar Talata har na ciro biro.

Ranar Laraba na je gai da Gwaggo. Tun hatsarin nake zagaye layinku, sai Baba ya ce rashin zuwan ya fi zuwan muni. Na same ta a ɗaki. Na gaishe ta, ta ce in matso. Ta ce, "Na ji abin da ka yi. Da farko na ce ba ni son ganinka. Amma ni na kai sunanka wurinshi, ni na ce kana da natsuwa. Karatun zamani ne, ana ba ku takarda hannu bai nuna ba. Tunda Allah ya bar mini ɗana da rai, na yafe maka. Kai ma ka roƙe shi gafara." Ta dafa kaina. Ta sa aka kawo mini fura.

Na ce, "Na gode, Gwaggo." Na sha furar har ƙasa. Ban gaya mata maganar kayan ba, kuma ba zan taɓa gaya mata ba. Ko Baba bai sani ba, shi ma kallon wanda ya ɓata aiki yake yi mini, jiya har ya ce ko zan gwada koyarwa. Wannan ɓangaren na ɗauka, ka kwantar da hankalinka. A Katsina ni ne na karya ka, kuma haka zai zauna.

Amma takardar daban ce. Da tana cewa na ga haɗari na yi shiru, na rubuta gargaɗin da ba ya gargaɗi, da na sa hannu sau biyu. Ba haka take cewa ba. Cewa take yi tayar hagu ta bar hannuna a karkace, kuma ba ta bar shi a karkace ba. Ranar biyu ga Agusta ta tsuke milimita ɗaya da rabi, na auna sau uku. Ba ni da gareji, ba ni da na'ura, ba ni da wanda ya san ni. Abin da kawai nake da shi, in na faɗi lamba, haka take. In na sa hannu na zo Abuja, duk motar da na auna, kai da kanka za ka riƙa tunanin ko wannan lambar ma ta zumunci ce.

Akwai kuma waɗanda za su karanta. In suka ɗauka zare ne ya jawo, za su tafi na'ura su saita motocinsu, su tuƙo su ta cikin ramuka, su shiga fili ba su sake dubawa ba. Na rubuta wata takardar na haɗo maka: hannun hagu ya lanƙwashe a hanya, ba a sake awo ba kafin shiga fili, mai saiti bai yi gargaɗi yadda ya kamata ba. Babu gero a ciki, babu sunan kowa sai nawa. Na san za su tambayi abin da ya lanƙwasa shi, na kuma san shi ya sa ba za ka miƙa ta ba. Duk da haka ita kaɗai zan iya sa wa hannu.

Ka ba wani wurin. Ba sai ka rubuto ka gaya mini ba, na riga na gaya wa Baba cewa maganar Abuja ta tashi. In za a gyara motar, a canja hannuwan duka biyu, kada a yarda wani ya miƙe na hagun da guduma.

Yafiyar Gwaggo na karɓa, ko da yake ba tawa ba ce. Takardarka kuwa ga ta nan na mayar maka yadda ta zo.

Ƙaninka,
Umair